Daminar da Gonarmu Ta Zo Ƙarshe

Bana ruwa ya yi jinkiri, sai da aka fita roƙo kafin ya sauka, da ya sauka kuma ya zo da ciyawa kamar shuka ta aka yi. Jiya da hantsi ina ƙofar ɗaki ina tsince wake, na jiyo jikana Lawal a zaure yana ta faɗa da 'yan ƙwadagon da ya ɗauko. Ya tara mutane bai gaya musu ta ina za a fara ba, bai tanadi ruwan sha ba, biyu daga cikinsu ko fartanya ba su da ita, sa'an nan shi ne mai ɗaga murya. Na kira shi na ce, "Kai Lawal, ka san ko jikan wa kake?" Ya yi dariya ya ce, "Tsohuwa, an fara ke nan." Ya hau kekensa ya yi gaba, ya bar ni da wata damina da na daɗe ina ƙoƙarin mantawa.

Kakan Lawal, maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne Sarkin Gayya a ƙauyenmu kusa da Karare, zamanin Turawa. Ba sarautar rawani ba ce, ba kuma gado ba ce. Magidanta ne suka ga ya iya tafiyar da mutane suka ɗora masa. A lokacin in ciyawa ta taso ba mai tunkarar gonarsa shi kaɗai. Yau a taru wa gonar wane, gobe ta wane, mai gona ya ciyar, makaɗi ya buga gangar noma. Tsara wannan duka a wuyansa yake.

Kuma ya iya, ba zan ci haƙƙinsa ba, ko da yake har yau ina jin haushinsa. Daga sallar asuba ba ya dawowa gida, sai ya zaga gonaki raɓa na jiƙa masa wando, yana duba inda harkiya ta fi cin ƙarfin gero. Ciyawa ce ke faɗin wanda za a fara da shi, ba girman gida ba. Tun da yamma zai bi kowa ya gaya masa inda za a haɗu da abin da zai riƙo. A bakin gona ba ya barin mutane su jeru yadda suka ga dama. Ƙarfafa yake sa wa a gefe da gefe, masu sanyin jiki a tsakiya, don kada a tsere musu a yi musu dariya. Ba ya jera mutum da surukinsa, don ba mai iya tuɓe riga ko ɗaga ludayi a gaban surukinsa. Samari biyu masu gasa kuwa kafaɗa da kafaɗa yake ajiye su, ya koma gefe yana murmushi. In wani ya yi ha'inci, ya turbuɗe ciyawa maimakon ya sare ta, ba ya tsawata masa cikin jama'a. Sai ya matso ya ce, "Ara mani galmarka in gani, kamar ta dakushe." Ya gyara wurin da hannunsa, ya miƙa masa abarsa. Ruwan sha yana isowa kafin a nema. Shi ne na ƙarshe wajen shan fura, gonarsa kuma ita ce ta ƙarshe wajen noma, kowace shekara.

A kan wannan ta ƙarshen ce ba mu taɓa shiryawa ba. In na yi magana sai ya ce, "In na fara da tawa, da wane baki zan ce wa wani tasa ta jira?" Shekarun wadata sai in yi tsaki in wuce, don ko an makara ana samun na ci.

Shekarar da nake faɗi ba ta wadata ba ce. A wadda ta gabace ta, fara ta sauka ana dab da girbi, ta bar mana kara tsaye. Kafin bazara ta raba, in ka leƙa rumbunmu hannu ya kusa taɓa ƙasa. Zafin bazarar nan ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa tana ƙona tafin ƙafa tun da hantsi, rijiya ta ja baya, sai ka zura guga ka jira ta tara maka jan ruwa mai warin laka. Tuwo ya koma sau ɗaya, daga nan ya koma kunu, daga nan kunun ya zama na dusa da busasshiyar tafasa. Ina da ciki a lokacin, cikin uban Lawal, ga kuma 'yata Ayashe tana shekara huɗu. Biyu na binne kafin ita, shi ya sa aka sa mata wannan suna. Yarinya ce mai surutu, amma yunwa ta mai da ita shiru, sai ta kwanta a gindin turmi tana tsotsar yatsa.

Ana cikin haka yayar maigidana, Talatu, ta zo daga Safana. Mijinta mai jakai ne, gidansu ba a rasa dawa. Aka gaisa, aka tambayi gajiya da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta ɗaga Ayashe ta juya ta, ta dubi ƙanenta.

"Auta, dubi wuyan ɗiyar ga. Ku ba ni ita in tahi da ita. Can ko ba komi za ta ci ta ƙoshi."

Na ce, "Yaya, a yi haƙuri. Ita kaɗai Allah ya bar mani."

Ta ce, "To in kina son ya ci gaba da bar maki ita, ki bari ta ci abinci."

Maigidana ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago bai dube ni ba. Ya ce, "Yaya, a bar ta zuwa kaka. In rumbu ya cika, tana nan. In bai cika ba, ki zo ki ɗauka."

Na san mutumin da nake aure. In ya furta magana ko wuƙa aka sa masa ba ya janye ta. Daga ranar nan na daina ganin gonarmu a matsayin gona, zaman 'yata a ɗakina nake gani.

Ruwan farko ya zo da la'asar, da iska mai ɗauke jinka. Ƙamshin ƙasa ya cika gari, yara suka fita tsirara suna ihu, ni kuwa na tsaya a tsakar gida ya jiƙa ni sharkaf ban matsa ba. Da safe aka fita shuka. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ina biye ina zuba iri ina rufewa da diddige, Ayashe na bayana tana taka abin da na riga na taka. Irin nan a tukunya na rufe shi da yumɓu tun kaka don kada yunwa ta sa mu ci. Gero ya fito gwanin sha'awa. Ciyawa ma ta fito, ta kuma fi shi sauri.

Da lokacin gayya ya yi sai aka tarar da matsala: rabin gidajen ba su da abin ciyar da mutane, wanda bai iya ciyarwa kuwa ba ya da bakin kiran gayya. Maigidana ya tara magidanta a gindin tsamiya ya ce bana ba mai gona da zai dama fura. Kowane gida ya kawo abin da ya samu, ko cikin tafin hannu ne, a zuba a tukunya ɗaya, kada a san na wa ya fi na wa. Kowa ya yaba, har da masu hawaye. Ba wanda ya tambayi tukunyar wa za a ɗora. Tawa ce. Ni ke daka, ni ke surfe, ni ke dama kunun tsamiya da ciki a gaba, hayaƙin ɗanyen itace na cin idona. In abin da aka kawo bai kai ba, sai ya leƙo ya ce, "Ƙara daga namu." Haka ɗan abin da ya rage mana ya riƙa tafiya cikin mutane.

Aka bi gonaki ɗaya bayan ɗaya, kullum ina jiyo ganga daga wata kusurwa. Ba a taɓa gayya mai kyan ta bana ba, in ji tsofaffi. Aka nome ta Mai Gari, aka nome ta makaho, aka nome ta matar da mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Saura tamu kawai. Na jiƙa tsamiya, na wanke tukunya.

Washegari da hantsi dogarai suka iso a kan dawaki. Ruwa ya cinye hanyar motar da ta nufi Safana, Bature yana so a gyara kafin lokacin gyaɗa, an yanka wa kowane ƙauye mutanen da zai bayar. Aikin tilas ne, ba a cewa a'a. Mai Gari ya aiko a kira maigidana, ya ce, "Sarki, kai ka san gidan da zai iya ba da mutum, kai ka san wanda ba zai iya ba. Zaɓo mani su." Ya zaɓa kuwa, da adalci irin nasa. Bai taɓa gidan da namiji ɗaya ne ba. Sai gida ɗaya, namu.

Ya shigo yana naɗe tabarma. Na tare ƙofa.

"Ina za ka?"

"Hanya."

"Wa ya sa sunanka?"

"Ni."

"Gonar fa? Ka manta abin da ka ce wa Yaya?"

Ya ce, "Saurara, Hansai. In na bar su suka tahi ba mai tsara masu aiki, bulala za ta ci su, kuma su daɗe. In ina nan mu gama da wuri, mu dawo gero bai wuce gwiwa ba. Duka garin ga za su taru a gonarki rana guda. Akwai wanda ban noma wa ba?"

Babu. Na matsa masa ya wuce.

Abin da ya faru a hanya daga baya na ji shi, wani daga bakinsa, wani daga bakin matan waɗanda suka je. An yanka wa kowane ƙauye nasa yanki. Ya je wurin helma, wato mai kula da leburori, ya tambaye shi, "In muka kai rafin can mun gama?" Helma ya ce sun gama. Ya dawo ya gaya wa mutanensa, bai ce helma ya ce ba, cewa ya yi, "Na yi maku alkawari, ranar da muka taɓa rafin can a gida za mu kwana." Sa'an nan ya tsara su yadda ya saba. Masu diga daban, masu ɗaukar marmara a kwanon sarki daban, masu bajewa daban, rana ta take a yi musanya don kada wuyan wani ya karye. Ya zaga ya gano ramin marmara kusa, ya rage musu nisan ɗauka. Wanda zazzaɓi ya kama ya zaunar da shi a inuwa yana fasa dutse. Bulala ba ta taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Mutanen wasu ƙauyukan kuwa, da helma ya juya baya sai su jingina da shebur, ana dukansu suna ja da ƙafa. Namu har dariya suke yi musu.

Suka taɓa rafi tun sauran ba su kai rabi ba. Suna ɗaure tabarmi Bature ya iso duba aiki. Ya taka hanyar da takalminsa, ya ji ta daram, ya tambayi su wane ne suka yi. Aka nuna masa. Ya ce waɗannan su ne suka san aiki, a kai su wajen Babban Duhu inda kwalbati ya rushe. Maigidana ya dubi helma, helma ya dubi wani wuri. Da wata ya ƙare aka sallami masu ja da ƙafa, aka kawo wasu a madadinsu. Namu aka riƙe.

Ni ina gida ban san wannan ba, ido kawai nake zubawa a hanya. Na bi gidajen da aka bar wa maza. Kowa ya karɓe ni da fara'a, a shimfiɗa mini tabarma, a tambayi nauyin jiki. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai a ce, "Ai gayya sai Sarki shina nan. Bari ya dawo, ba mu da gonar da ta hi tashi." Na gane ba mai zuwa, na ɗauki fartanya.

Ruwa ya zauna sosai a lokacin, irin mai kwana yana zuba, gari ya waye da laka da kukan kwaɗi. Ina fita da sassafe, in ajiye Ayashe a gindin kalgo da ɗan kwaɗon gasaya a ƙoƙo, in duƙa. Ciki ya hana ni duƙawa sosai, sai in durƙusa in ja gwiwa. Abin da na nome yau, kafin in kai ƙarshen gona ya sake rufewa. Harkiya ta kai mini ƙugu. Geron da ke cikinta ya yi rawaya, ya zama siriri kamar tsintsiya. Rana ta fito bayan ruwa, tururi ya taso daga ƙasa, jiri ya ɗebe ni, in zauna in ga gonakin maƙwabta kore shar, tsaf, a nome da kunun da na dama. Wata rana Ayashe ta taso ta kama ciyawa da hannu biyu tana ja, ta faɗi zaune. Ta ce, "Inna, na taya ki." Na juya mata baya don kada ta ga fuskata.

Mutanenmu suka dawo daga hanya gero ya fara ɗaukar ciki a gonakin mutane. Maigidana ya shigo ya rame, tsakiyar kansa ta saɓule saboda kwanon sarki, don shi ma ɗauka yake yi. Bai zauna ba, ya wuce gona. Da ya dawo sai ya ce, "Ba ta mutu duka ba. In aka taru gobe za a tsirar da rabi." Da yamma ya bi gida gida kamar yadda ya saba, ya gaya wa makaɗi. Ni kuma na kakkaɓe gindin rumbu, na haɗa da 'yar maiwar da na ɓoye don jego, na dama kunu cike da tukunya. Ban rage komai ba.

Da safe muka riga kowa zuwa. Makaɗi ya zo, Allah ya saka masa, tsoho ne. Ya tsaya a bakin gona ya fara kiɗa, yana kiran mutane da kirarinsu ɗaya bayan ɗaya. Rana ta ɗaga. Muna hango su, kowa da galma a kafaɗa, kowa ya nufi gonarsa, don lokacin maimai ya yi, su ma ciyawa ta sake taso musu. Wasu su sunkuyar da kai, wasu su canja hanya. Makaɗi ya ƙara ƙarfi. Sai ga Tanko, ƙato ne, shi ake sa wa a gefen dama kowace gayya, gonarsa ce ta uku da aka nome. Hanyarsa ta bi ta gefen tamu, ba yadda zai kauce.

Maigidana ya ce, "Tanko, barka da asuba."

"Barka kadai, Sarki."

"Ga wurinka nan na dama."

Tanko ya sauya wa galmarsa kafaɗa. Ya ce, "Sarki, kai ka ce mu yi sauri. Da ka bar mu mun yi irin na kowa, da tuni muna gida. Kai ka yi muna alkawali, ba helma ba. Yanzu tawa ma tana jira." Ya wuce.

Na jira maigidana ya tuna masa wa ya hana a doke shi, kunun wa ya sha. Bai yi ba. Cewa ya yi, "Gaskiya ya hwaɗi. Na yi alkawali da abin da ba a hannuna yake ba." Ya ɗaga wa makaɗi hannu ya daina. Da ganga ta yi shiru sai kukan tsuntsaye kawai. Ya tuɓe riga ya shiga ciyawa shi kaɗai. Kunun nan muka sha mu huɗu, har da Ayashe da makaɗi, sauran ya kwana ya yi tsami, na shanya shi a faifai don ba abin zubarwa ba ne.

Ban san wanda na fi jin haushi ba a ranar, Baturen da ya ga aiki mai kyau ya saka da ƙarin aiki, ko mutanen garinmu, ko wannan bawan Allah da ya san inda zai tsayar da kowa amma bai taɓa tanadar wa gidansa wuri ba. Har yau in na auna, nasa ne ke rinjaye, don shi kaɗai ne a cikinsu nake ƙauna.

Kaka ta zo, gari ya cika da ƙamshin tumu, ana ta ɗaurin dami ana waƙa. Namu zangarniyar gajeru ne, rabinsu ba ido. Abin da muka kwaso bai rufe gindin rumbu ba. Wasu sun aiko da dami ɗaya ɗaya ta hannun yara, ba wanda ya iya kawowa da kansa. Na haihu cikin kwanakin nan. Ina ɗakin jego na ji kukan jaki a ƙofar gida, na ji muryar Talatu tana sallama. Ta kawo dawa, ta kawo kanwa da barkono na jego, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta leƙa rumbu da kanta, ta sauko.

Na ce masa, "Roƙe ta. Yayarka ce, ka ce a ƙara muna shekara."

Ya ce, "Na riga na hwaɗi."

Aka ɗora Ayashe a kan jaki, tana murna za ta hau dabba. Ban fita ba, mai jego ba ta fita. Ta ƙofar ɗaki na hango ƙafafunta suna lilo har suka sha kwana. Da damina ta zagayo, magidantan nan, har da Tanko, suka zo zaure suka gaisa kamar ba abin da ya faru, suka ce Sarki a tsara mana. Ya tashi ya ɗauki galmarsa. Ni dai ban sake ɗora musu tukunya ba har ya bar duniya.

An ce za a maido Ayashe in an samu sauƙi. Sauƙin bai zo da wuri ba, ga goyo, ga wata shekarar ma ba ta yi kyau ba. Sai da na yaye uban Lawal, na sake haihuwa, sa'an nan na samu na je Safana da ƙafa, na riƙo mata ƙuli-ƙuli da ɗan zane. Na tarar da ita a tsakar gida cikin 'ya'yan Talatu, ta yi tsawo, ta yi ƙiba, an yi mata kitso mai kyau, surutunta ya dawo. Talatu ta ce, "Ke Ayashe, ba ki ga baƙuwa ba? Zo ki gaishe ta." Ta taho da gudu, ta durƙusa a gabana da ladabi, ta dube ni ido cikin ido. Na buɗe hannu.

Ta ce, "Sannu da zuwa, matar Kawu." Sa'an nan ta juya ta ce wa Talatu, "Inna, in kawo mata ruwa?"